Zarra ko Atom? Sharhi a kan Harshen Darasin Ginin Atom

1.0 Gabatarwa

Babu littafin kemistiri na ajin farko na babbar sakandare da ba shi da babi a kan ginin atom, kuma a kan wannan babi ne sauran darussan fannin suke dogara. Ɗalibin da bai gane yadda atom yake ba, ba zai gane dalilin da ya sa sodiyam da kulorin suke haɗuwa su zama gishiri ba, sai dai ya haddace. Da Ingilishi ake rubuta waɗannan littattafai a Nijeriya, da shi kuma ake yin jarrabawa, amma a makarantu da dama na ƙasar Hausa malami yakan karanta da Ingilishi, sannan ya juya ya yi bayani da Hausa. Haka nan gidajen rediyo da shafukan intanet da manhajojin fassara suna ta samar wa darasin kalmomi, kowa da nasa, ba tare da an zauna an auna su ba. Kalmar da ta kama bakin jama'a kuwa, sai an sha wuya kafin a cire ta.

Ra'ayin da ya fi karɓuwa wajen masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi shi ne, kalmar da ta bayyana ma'anarta da kanta ta fi kalmar aro. Wannan ra'ayi ya yi amfani ƙwarai. Shi ya haifar da "jirgin sama" da "gidan waya", shi ne kuma ginshiƙin kalmomin nahawu da adabi irin waɗanda aka tattara a ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya shirya, aka buga a 1990. Wannan maƙala za ta gwada ra'ayin a kan darasin ginin atom, ta nuna inda ya gaza. Abin da take son tabbatarwa shi ne, duk kalmar da ta bayyana kanta tana ɗauke da wata da'awa game da abin da ta ambata, kuma a fannin da fahimtar masana take sauyawa, da'awar takan tsufa ta bar kalmar tana koyar da kuskure.

2.0 Abin da Darasin ya Ƙunsa

Kafin a shiga batun kalmomi, ya kamata a kawo abin da darasin yake faɗa a taƙaice. Atom yana da cibiya a tsakiyarsa, wadda ta ƙunshi furoton da niyutiron, sannan akwai ilektiron a kewayenta. Furoton da ilektiron suna ɗauke da cajin lantarki iri biyu masu kishiyantar juna, niyutiron kuwa ba shi da caji. Furoton ya ninka ilektiron nauyi kimanin sau 1,836, saboda haka fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin atom yana cikin cibiya. Amma ta fuskar girma abin ya juya: da za a ɗauki cibiyar atom na haidirojin a matsayin ƙwayar gero ɗaya, da faɗin atom ɗin ya kai na filin ƙwallon ƙafa. Yawan furoton shi ke tantance kowane irin abu: haidirojin yana da 1, kabon 6, oksijin 8, yuraniyam 92. Ire-iren da aka tabbatar sun kai 118.

Littattafai sukan ba da wannan bayani ta hanyar tarihi. John Dalton, a littafinsa na 1808, ya ɗauki atom a matsayin dunƙulallen abu da ba ya rabuwa. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Kambirij, wato ya nuna akwai abin da ya fi atom ƙanƙanta. A 1909 Hans Geiger da Ernest Marsden suka harba ƙananan ƙwayoyi masu caji a kan sirarin fallayen ƙarfe a Mancesta, suka ga ƙalilan daga cikinsu suna dawowa baya, abin da ya sa Ernest Rutherford ya fito da batun cibiya a 1911. A 1913 Niels Bohr ya tsara ilektiron a kan da'irori masu ƙayyadadden ƙarfi. A 1926 Erwin Schrödinger ya kawo lissafin da ya maye gurbin waɗannan da'irori, kuma a 1932 James Chadwick ya gano niyutiron.

Aibin farko na darasin yana nan, tun kafin a fassara shi zuwa kowane harshe. Labarin yakan kai har 1932, amma zanen da ake sa wa ɗalibi a gaba na 1913 ne: ɗigo babba a tsakiya, da'irori a kewaye, ƙananan ɗigogi a kan da'irorin. Zanen yana da amfaninsa, domin da shi ake nuna cewa ilektiron 11 na sodiyam sun kasu 2, 8, 1, kuma 17 na kulorin sun kasu 2, 8, 7, har ɗalibi ya hango dalilin da ya sa ɗaya yake bayarwa, ɗaya yake karɓa. Sai dai lissafin Bohr bai yi daidai ba face a kan atom mai ilektiron ɗaya tak, kuma zanen yana kumbura cibiya fiye da kima. Mai fassara da ya dubi zanen ya ƙirƙiri kalmominsa daga abin da idonsa ya gani, to ya ɗaure Hausa a turken 1913 ke nan.

3.0 Sunayen da Suka Tsufa

Kalmar "atom" kanta ita ce babbar shaida. Asalinta "atomos" ne na Girkanci, ma'ana abin da ba ya yankuwa, kamar yadda Dimokiritus da malaminsa Lusifus suka yi amfani da ita a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Yau kuwa ana buɗe babi da wannan suna domin a lissafa sassan abin da sunan ya ce ba shi da sassa. Tun 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka fasa cibiyar yuraniyam, kuma tun 1964 aka fito da ra'ayin cewa furoton da niyutiron ma suna da nasu sassan. Duk da haka ɗalibi Bature ba ya jin wani saɓani, don kuwa ba ya jin Girkanci. Kalmar a kunnensa kwano ce wadda babu kome a ciki, sai abin da malami ya zuba.

Haka abin yake ga "oksijin". Antoine Lavoisier ne ya raɗa mata suna da ke nufin mai haifar da tsami, bisa zaton cewa kowane asid yana ɗauke da ita. A 1810 Humphry Davy ya nuna ba haka ba ne. Harsunan da suka ari kalmar yadda take ba su yi asarar kome ba. Jamusanci kuwa, wanda ya fassara ma'anar ya ce "Sauerstoff", wato abin tsami, har yau yana maimaita kuskuren Lavoisier a bakin kowane yaro. Darasin da ke cikin wannan shi ne, duhun ma'anar da ake zargin kalmar aro da shi wani lokaci kariya ne.

4.0 Zarra

Kalmar da ta fi yaɗuwa a Hausa a madadin atom ita ce "ƙwayar zarra". Adalci ne a fara da abin da ke goyon bayanta. Da farko, ba baƙuwa ba ce: daga Larabci ta zo tun da daɗewa, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya gamu da ita a Suratuz Zalzala. Na biyu, Larabcin zamani ma ita ya zaɓa wa atom, saboda haka Bahaushen da ke karanta Larabci ba zai ruɗe ba. Na uku, asalin ma'anarta bai ce ba ta rabuwa ba. Malaman tafsiri na da sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso taga, kuma a surorin Yunus da Saba'i an ambaci abin da ya fi ta ƙanƙanta. Abin da malaman tauhidi irin su Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, suka ɗauka a matsayin yankin da ba ya rabuwa, da wani suna suka kira shi, wato jauhari. Ta wannan fuska "zarra" ta fi "atomos" gaskiya.

Sai dai ma'anar kalma a harshe ita ce abin da masu harshen suke ji idan an faɗe ta. A bakin Bahaushe, "ƙwayar zarra" ma'aunin ƙarshe ne na ƙanƙanta. Idan aka ce wane ba shi da tausayi ko ƙwayar zarra, ana nufin babu sauran abin da ke ƙasa da wannan. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ƙwayar zarra ta ƙunshi ƙwayoyi iri uku waɗanda suka fi ta ƙanƙanta.

(2) Atom ya ƙunshi ƙwayoyi iri uku waɗanda suka fi shi ƙanƙanta.

Jimla ta (2) labari ce kawai, mai sauraro zai karɓa ya jira bayani. Jimla ta (1) kuwa tana karo da abin da ya riga ya sani, kamar a ce masa akwai wanda ya girmi ɗan fari. Ke nan, matsalar da Ingilishi ya tsira daga gare ta saboda rashin jin Girkanci, Hausa ta jawo wa kanta ita da hannunta.

Akwai kuma batun nauyin da kalmar take ɗauke da shi. A wa'azi da karatu, zarra ma'aunin sakamako ce, kuma ma'anarta a can tsayayya ce. Atom na masana kimiyya kuwa ya sauya kama aƙalla sau huɗu tsakanin 1808 da 1926. Haɗa su a suna ɗaya yana sa ɗalibi ya ɗauka abin da Dalton ko Bohr ya zana shi ne fassarar abin da ya karanta a allo, alhali zanen abin gyara ne, an kuma gyara shi. Wannan bai amfani ko wane ɓangare ba. Daɗin daɗawa, Hausa tana da wata "zarra" ta daban, kamar a "ya yi zarra", wato ya yi fice, wanda shi ya sa kalmar ba ta iya tsayuwa ita kaɗai sai an jingina mata "ƙwaya".

4.1 Ƙwaya da Sinadari

Jinginar da aka yi wa "ƙwaya" ita ma ta zo da nata. Wannan kalma ta riga ta ɗauki kaya mai yawa: ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar cuta, ƙwayar halitta. A darasin da ake magana a kai, ɗalibi yana bukatar ya rarrabe matakai uku daram: abin da ke cikin atom, da atom kansa, da abin da atom biyu ko fiye suke zama idan sun haɗu, wato molekul. Molekul ɗin ruwa ya ƙunshi atom biyu na haidirojin da ɗaya na oksijin. In aka kira dukkan matakan uku da "ƙwaya", za a sami jimla irin wannan:

(3) Ƙwayar ruwa tana da ƙwayoyin zarra uku, kowace ƙwaya kuma tana da ƙwayoyi a cikinta.

Jimlar ba ta karya dokar nahawu ba, amma ta rushe bambancin da aka zo koyarwa. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar "ƙwaya" ta zama kalmar gama-gari ga duk wani ɗan ƙaramin abu, kowane mataki kuma ya sami sunansa na kansa.

Irin wannan cunkoso ya sami "sinadari". Asalinta a maƙera take, inda take nufin abin da ake haɗa ƙarfe da ƙarfe da shi, daga baya ta faɗaɗa ta zama duk wani abin haɗi, har da na miya. Yanzu da ita ake kiran sodiyam, da ita ake kiran gishiri, alhali sodiyam atom iri ɗaya ne zalla, gishiri kuwa haɗin iri biyu ne. Larabci ya raba su da kalmomi biyu mabambanta. Hausa za ta iya yin haka da abin da take da shi, a ce "tsantsar sinadari" ga na farko, "haɗaɗɗen sinadari" ga na biyu. Waɗannan siffofi ba su da haɗari, domin abin da suka faɗa shi ne ainihin ma'anar da aka gindaya, ba hasashen wani zamani ba.

5.0 Kalmomin Siffantawa

5.1 Cibiya

Ga tsakiyar atom akwai kalmomi uku da ke takara: "nukiliya" da "ƙwallo" da "cibiya". Ta farko ta shigo Hausa ta ƙofar labarai. A Fabrairun 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Saharar Aljeriya, kuma a farkon 1961 Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da ita saboda waɗannan gwaje-gwaje. Daga labarai irin waɗannan, "nukiliya" ta zauna a kunnen jama'a tare da "makaman ƙare dangi". In aka ce wa yaro akwai nukiliya a cikin kowane ɗigon ruwan da yake sha, sai an fara kwantar masa da hankali kafin a ci gaba da darasi.

"Ƙwallo", kamar a ƙwallon dabino ko na mangwaro, ita ce ta yi daidai da asalin kalmar Latin, "nucleus", da kuma ta Larabci, "nawat". Amma ƙwallon mangwaro yana cin babban rabo na mangwaron, saboda haka kalmar za ta ƙarfafa kuskuren da zanen littafi yake yi game da girma. "Cibiya" kuwa wuri kawai take nunawa. Ba ta ce kome game da girma ko siffa ko tauri ba, kuma ƙarancin da'awarta shi ne fifikonta.

5.2 Falaki, Ɓawo da Matakala

Wanda ya dubi zanen 1913 zai ce ilektiron yana tafiya a kan falaki, kamar yadda duniya take kewaya rana. Kwatancen yana da daɗin ji, amma tun a zamanin Bohr an san yana da matsala: bisa dokokin lantarki da aka sani a lokacin, ilektiron mai kewayawa haka zai zubar da ƙarfinsa ya faɗa cikin cibiya cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Bayan aikin Schrödinger da na Werner Heisenberg na 1927, masana sun daina maganar hanyar da ilektiron yake bi, suka koma maganar yankin da aka fi tsammanin samunsa. Domin wannan bambanci ne Robert Mulliken ya ƙirƙiri kalmar "obital" a 1932. Fassarar da ta ba tsohon ra'ayi da sabo suna ɗaya, wato "falaki", ta shafe ci gaban shekara 19 da kalma guda.

Hazo ya fi falaki kusa da abin da ake nufi, domin yana da kauri a wani wuri, yana sirancewa a wani, kuma ba shi da iyakar da za a nuna da yatsa. Amma shi ma a riƙe shi a matsayin kwatance, kada ya zama suna, tun da hazo tarin ƙura ne, alhali ilektiron ɗaya tak ma yana da nasa yankin.

Kalmar da Ingilishi yake kiran rukunonin 2, 8, 1 da ita, fassararta kai tsaye ita ce "ɓawo". Ɓawo abu ne mai tauri da ake ɓarewa, kuma babu irinsa a jikin atom. Abin da rukunonin suke nunawa shi ne matakan ƙarfi: ilektiron yana iya zama a wannan mataki ko wancan, amma ba ya zama a tsakani. A nan Hausa tana da abin da ya fi na Ingilishin. Mai hawa matakala ƙafarsa tana kan wannan mataki ko na gaba, ba ta tsayawa a iska, kuma hawa yana cin ƙarfi. "Matakin ƙarfi" ya kama ainihin abin da ya rage daga ra'ayin Bohr bayan an zubar da da'irorinsa.

5.3 Caji

Sunayen cajin lantarki guda biyu sun samo asali ne daga Benjamin Franklin a tsakiyar ƙarni na 18, wanda ya aro alamomin lissafi. Da ya juya su, da babu abin da zai sauya a kimiyya. Amma a Ingilishin yau da kullum kalmomin biyu suna kuma nufin kyau da muni, ko amincewa da ƙi, shi ya sa ake cin karo da "caji mai kyau" da "caji marar kyau" a fassarorin da ba a tace ba. Wannan kuskure ne tsantsa, domin ilektiron ba shi da wani aibi da furoton ya tsira daga gare shi. Kalmomin nahawu na tabbatarwa da korewa su ma ba su dace ba, don cajin ilektiron ba rashin caji ba ne. Hanya mafi aminci ita ce a koma ga lissafin da aka aro su daga gare shi, a ce "cajin tarawa" da "cajin ɗebewa", tare da alamominsu.

Shi kuwa niyutiron, akwai sha'awar a kira shi "ɗan ba-ruwanmu", kamar yadda ake kiran ƙasashen da ba su bi kowane ɓangare ba. Rashin caji kaɗai wannan suna ya duba. Niyutiron yana da ruwa da tsaki a zaman cibiya, kuma shi ke bambanta nau'o'in abu ɗaya, waɗanda Frederick Soddy ya kira aisotof a 1913. Yuraniyam ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Jamhuriyar Nijar a 1971 misali ne na kusa: kowane atom nasa yana da furoton 92, amma wani yana da niyutiron 143, wani 146. Na farkon, wanda bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba, shi ne ake fasawa a sami makamashi, kuma niyutiron ne yake fasa shi. Wanda yake wannan aiki ba za a ce babu ruwansa ba.

6.0 Aro da Tsarin Hausa

Za a iya cewa, in aka bi wannan hanya, kimiyya da Hausa za ta zama Ingilishi sanye da babbar riga. Wannan tsoro yana da tushe, amma lissafi yana rage shi. Sunayen da ake bukatar arowa a wannan darasi ba su wuce bakwai ba: atom, ilektiron, furoton, niyutiron, molekul, aisotof, obital. Larabci da Suwahili, duk da hukumomin harshe da suke da su, sun ari sunayen ilektiron da furoton da niyutiron, suka yi musu kwaskwarima. Hausa ma ta riga ta ari saiwar ɗaya daga cikinsu, domin "lantarki" daga kalmar Ingilishi take, wadda ita da "ilektiron" suka fito daga sunan da Girkawa suke kiran wani daskararren ƙaron itace mai jan ƙananan abubuwa in an goga shi. G. J. Stoney ne ya ƙirƙiri "ilektiron" daga wannan saiwa a 1891.

Ta fuskar tsarin sauti, hanyar a share take. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu, sai ta tsarma wasali a tsakaninsu, kamar a "burodi" da "direba", kuma takan mayar da /p/ zuwa /f/, kamar a "fensir". Da waɗannan dokoki biyu aka sami "furoton" da "niyutiron". Ta fuskar jam'i, sigar da kalmomin aro suka fi ɗauka, irin ta "teburori", za ta ba da kalmomi masu nauyin faɗa. Ba a bukatar ta, tun da Hausa ta yarda a kawo tilo kafin adadi, kamar a "shekara goma", saboda haka "ilektiron 11" ya wadatar.

Jinsi kuwa riba ce da ba a cika lura da ita ba. "Atom" namiji ne a Hausa, "cibiya" mace, don haka wakilin suna kaɗai ya isa ya nuna wanda ake nufi, abin da Ingilishi ba ya iyawa da wakilin sunansa guda. In aka ce "ƙwayar zarra" da "nukiliya", duka biyu mata ne, ribar ta tafi. Ga yadda bayanin zai kasance in an bi abin da aka zayyana:

(4) Atom yana da cibiya. Ita ce take ɗauke da kusan dukkan nauyinsa, amma shi ya ninka ta faɗi sau dubbai. A cikinta akwai furoton mai cajin tarawa, da niyutiron marar caji. Ilektiron mai cajin ɗebewa yana waje da ita, a matakan ƙarfi daban-daban. Ba a iya nuna hanyar da yake bi, sai dai yankin da aka fi tsammanin samunsa.

In ban da "caji" da ta daɗe da zama 'yar gida, kalmomin aro huɗu ne kacal a wannan sakin layi. Aikatau da siffofi da ginin jimla duk na Hausa ne, kuma su ne suke ɗauke da tunanin.

7.0 Kammalawa

An ga cewa darasin ginin atom yana tafe da kalmomi iri biyu, kuma kowane iri da hukuncinsa. Sunayen abubuwan da ido bai taɓa gani ba, waɗanda fahimtarsu take sauyawa, ya fi kyau a aro su a yi musu kwaskwarima, domin darasi ya cika su da ma'ana. Kalmomin da ke nuna wuri da dangantaka da aiki kuwa, daga Hausa ya kamata su fito, amma a auna kowace da tambaya ɗaya: me take faɗa game da abin, wanda masana ba su faɗa ba? Da wannan ma'auni "cibiya" ta wuce "ƙwallo", "mataki" ya wuce "ɓawo", "falaki" kuma ya faɗi. "Ƙwayar zarra" tana da gurbinta a zancen yau da kullum da wa'azi, kuma malami yana iya buɗe darasi da ita domin ya nuna irin ƙanƙantar da ake magana a kai, amma bai kamata ta zama sunan da za a rubuta a allo ba.

Aikin tantance waɗannan kalmomi ya fi ƙarfin ɓangare ɗaya. Masanin harshe shi kaɗai zai iya zaɓen "falaki" saboda daɗinta, masanin kemistiri shi kaɗai kuma ba lallai ya ji abin da "zarra" take yi a kunnen ɗalibi ba. Akwai masana kimiyyar atom a ƙasar nan, alal misali a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda aka ƙaddamar da na'urar binciken nukiliya a 2004. Zama ɗaya tsakanin irinsu da sassan harsunan Nijeriya da malaman sakandare zai iya daidaita kalmomin wannan babi, kuma ma'aunin da aka gwada a nan a kan Hausa yana jiran a gwada shi a kan Yarabanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri.